Wurin Komawa

Da Huseina ta iso filin makaranta da safen nan, katangar da jiya ta kai mata ƙugu a zube ta same ta. Jan bulo warwatse ko'ina, baƙin allon da take koya wa 'yan mata karatu a kife cikin ƙasa. Gefe guda samarin Zango ne sun fi ashirin, kowa da sanda, Ladan shugabansu ya tare musu hanya.

"Duk mai son zuwa gidan Mahadi, sai shi fara bi ta kaina," in ji shi. "Makaranta munka ce za mu gina, ba gaba ba. Halas, ya isa haka, ku aje sanduna."

Suka ajiye suna ƙunƙuni. Sai a lokacin ya juyo ya dube ta.

"Husai..."

"Kada ka ce komai, Yaya Ladan. In ka yi magana kuka zan yi, ga yara na kallo."

Wanda bai san Zango ba zai yi mamakin abin da jan bulo ya yi wa mutane. Kakanninsu sun baro Sakkwato da niyyar Makka shekara sittin da suka wuce, suka yada zango a bakin kogi kusa da garin Suki, can a hanyar gabas, wai su tsinci auduga kaka ɗaya su sami guzuri. Kaka ɗayar nan ce har yau ba ta ƙare ba. An haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun yi furfura, amma kowane dattijo ka tambaya sai ya ce maka shi matafiyi ne. Saboda haka ba a gini sai na kara da ciyawa. A wurinsu, wanda ya aza bulo tamkar ya ce kakanni sun yi ƙarya ne.

Huseina kuwa a Suki ta yi firamare, a gidan goggonta. Da ta dawo ta tara 'yan mata talatin a ƙarƙashin rumfa tana koya musu karatu da rubutu. Kowace damina rumfar ta faɗi, iyaye su sami dalilin janye 'ya'yansu. Ladan ne ya ce abin ya isa haka, ya tara samari suka buga bulo suka gasa a bakin kogi. Tsakanin kai musu ruwan sha da gaisuwar ban gajiya, soyayya ta shiga ba ta yi sallama ba. Har baffanninsa sun kai goron gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Gambo.

Mahadi mai lori ne ya ɓata lamarin. Ya daɗe yana sonta, ita kuma ko kallo bai ishe ta ba. Shi ya je ya gaya wa dattawa wai Ladan ya ce hanyar Makka ta mutu, a nan za su ruɓe. Da izininsu ya ture katangar.

Ranar nan da la'asar Malam Gambo ya mayar da goron. Ladan ya zo ya durƙusa ya rantse bai faɗa ba, tsohon ko ɗaga kai bai yi ba. Idonsa yana kan sanda da goran ruwan mahaifinsa, waɗanda ke rataye a bakin ƙofa tun kafin a haifi Huseina.

"Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ya ƙaryata ubana," iyakar abin da ya ce ke nan.

Bayan kwana uku Ladan ya same ta a bakin tur'a, inda ruwan gonaki ke bi, ya gaya mata zai tafi Damazin aikin madatsar ruwa. Ya ce muddin yana garin samari ba za su haƙura ba, wata rana ɗa zai ɗaga wa ubansa sanda, shi kuma ba zai zama sanadi ba.

"Ni fa?" in ji ta. "Ka yi wa kowa tunani, ni wa ka bar wa?"

"Ga 'yan matanki nan, abar ƙaunata. In kin saki allon nan, to a ranar ne anka rushe makarantar."

"Yaushe za ka dawo?"

"Ranar da Baba ya kira ni da bakinsa."

Ta san Babanta, don haka ba ta sake tambaya ba.

Shekara ɗaya da rabi ba abin wasa ba ce ga mai jira. Ita kaɗai ta tsince bulon ta jera shi gefe, mutane na ratsewa kamar za su taka wuta. 'Yan mata talatin suka koma bakwai. Ƙawayenta suka yi aure, suka daina leƙo ta, wai kada mazajensu su ce ta koya musu taurin kai. A gida ita da Baba sai gaisuwa, ta ajiye masa tuwo ta koma ɗaki, ga mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa balle ta sami wanda za ta yi wa kuka. Wasiƙa biyu Ladan ya aiko, ta karanta su har suka yage a wurin ninki. Mahadi ya turo manya sau biyu, tsohon ya ce shi ba ya yi wa 'yarsa dole. Kullum in ta sallami yara sai ta zauna a kan bulon nan har rana ta yi sanyi, kaɗaici na cin ta, ba ta san ko tana jiran abin da zai zo ba ne.

A kakar da ta biyo auduga ta yi kyau, idon Malam Gambo kuma ya fara dishi-dishi. Ya ce bana zai cika alkawarin ubansa tun yana ganin hanya. Suka tafi Sinnar ofishin takardun alhazai, ita ke riƙe da hannunsa. Aka miƙo takarda, ya ce ta cika masa.

Tana karantawa yana ba ta amsa. Suna, sunan uba, wurin haihuwa. Sai ta zo layin ƙarshe.

"Baba, sun ce wurin da za ka koma bayan hajji."

Shekara sittin yana tunanin tafiya, bai taɓa tunanin abin da ke bayanta ba.

"In rubuta Sakkwato?" ta tambaya a hankali.

"Wa na sani a Sakkwato, ɗiyata? Ko ƙofarta ban taɓa gani ba." Ya shafa fuskarsa. "Ubana na kwance bayan Zango. Innarki ma..."

Magatakardan yana jira, mutane na bayansu.

"Rubuta Zango."

Ta rubuta.

Suka sauka daga mota a Zango. Maimakon gida, sai ya ce ta kai shi wurin bulon. Ya ɗauki guda ya jinjina nauyinsa, sannan ya tambaye ta ko da gaske Ladan ya faɗi maganar nan.

"Bai faɗa ba, Baba. Amma ba ka taɓa tambayata ba."

Washegari ya sa aka kira Mahadi gaban dattawa, ya ce ya dafa Alƙur'ani ya maimaita. Mahadi ya yi ta kame-kame, wai a bakin wani ya ji. Da yamma tsohon ya tsaya a ƙofar ɗakinta, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ki rubuta ma yaron nan. Ki ce ni na kira shi."

Ladan ya iso saura kwana huɗu tafiya, ya rame ya yi baƙi. Da suka haɗa ido ta kasa gaishe shi, hawaye kawai.

"Kin saki allon?" ya tambaya.

"Saura bakwai... amma ban saki ba, masoyina."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Bayan an shafa fatiha Malam Gambo ya ja dattawa zuwa filin, ya tsuguna ya aza bulon farko da hannunsa. Wasu suka kau da kai, wasu suka matso. Ya ce shi dai zai je ya dawo, kuma yana so ya tarar da rufi a kai, 'yan mata a ciki. Sandar mahaifinsa ya ɗauka don tafiya, goran kuma ya miƙa wa Huseina, ya ce a rataye a aji yara su riƙa sha.

A Zango duk wanda zai yi gabas, abin da ake ce masa shi ne Allah ya sada mu a can. Da mota ta tashi, Huseina na tsaye kusa da mijinta, goran a rungume a ƙirjinta. Ta ɗaga murya yadda duk garin zai ji.

"Sai ka dawo gida, Baba!"