Mutumin da Ke Cikin Ganga

Ƙarfe uku na yammacin Laraba aka buga wa Sufeto Yazaki waya, aka ce an tsinci gawa a kogon giya na gidan Kubodera. Lokacin tsinkar inabi ne. Duk wanda ya tashi a wannan kwari ya san idan ruwan inabi ya fara tafasa a tanki, iskar da yake fitarwa ba a ganinta, amma tana kwantar da ƙato.

Mamacin Tokuji ne, dattijo ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ya shafe fiye da shekara sittin yana kula da gangunan gidan. A can ƙuryar kogon aka same shi zaune, ya jingina da wata tsohuwar ganga wadda ba a sake zuba mata komai ba tun zamanin yaƙi. Ga kyandir a mace kusa da ƙafarsa, ga ɗan kofi cike da giya ba wanda ya kurɓa.

Yazaki ya tsuguna ya daɗe yana kallon fuskar. Sanyin kogon ya ratsa rigarsa. Fankar da ke zuƙe mugunyar iska tana aiki yanzu, amma 'yar mamacin da ta fara shigowa ta ce a kashe ta tarar da ita. Ya juya hannuwan dattijon. Gefen tafin hannun duka biyun ya kumbura ya yi baƙi.

Saje Ono, wanda kamar sauran samarin yanzu ba abin da yake so irin a rufe fayil a tafi gida, ya kira Yazaki bakin ƙofa ya nuna masa ƙasa. Ma'aikatan gidan a nan suke cire takalmansu su sa na roba kafin su shiga. Takalman Tokuji na nan a jere, kafaɗa da kafaɗa, tsaf.

"Yallaɓai, ai magana ta ƙare. Wanda ya jera takalmi haka ya shiga wurin da ba iska, ya riga ya yi sallama da duniya."

"Ina kan takalman yake kallo?"

"Waje."

"To, wanda ba ya da niyyar fitowa, me zai sa ya juya su yadda zai ji daɗin sawa in ya fito?"

Ono ya sosa ƙeya. Yazaki ya duba ƙyauren. Katako ne mai kauri, sakatarsa ta waje ce, kuma a buɗe take.

Mieko, 'yar mamacin, tana zaune a kan akwatin inabi a waje, ta haɗe hannuwa a cinya. Ba ta kuka. Ta ce kullum ƙarfe bakwai na safe babanta yakan shiga da kyandir da kofin giya, ya ajiye wa mahaifinsa a gindin gangar nan, ya yi masa 'yar magana ya fito. Ta ce ma'aikata ba sa son zuwa ƙuryar, suna cewa wani lokaci sukan ji kamar ana kankare katako daga cikin gangar, shi kuwa sai ya ce musu tsohonsa ne bai gama aikinsa ba.

Da Yazaki ya tambaye ta batun takalman, sai ta yi wani murmushi mai ciwo.

"Babana? Ɗaya gabas ɗaya yamma, kamar sun yi faɗa. Har uwata ta rasu tana mita a kan haka." Ta ɗago kai. "Yallaɓai, don girman iyayenka kada ka rubuta cewa shi ya kashe kansa. An riga an ɓata sunan kakana. Kada a haɗa da nasa."

Ta zaro wata takarda mai shafi huɗu daga aljihu ta miƙa masa. Takardar labarai ce da gidan ke aika wa 'yan kulob ɗinsa, mutum ɗari uku da ake kai wa giya sau huɗu a shekara. Fitowar wannan kaka ta cikar shekara saba'in da ƙarewar yaƙi ce. An rubuta yadda marigayi Kubodera, wanda ya kafa gidan, ya sadaukar da giyarsa gaba ɗaya don a kankare gishirin da ke daskarewa a jikin ganguna a ba sojojin ruwa, su haɗa na'urar sauraron jiragen ƙarƙashin teku. An gayyaci 'yan kulob ranar Asabar su zo a buɗe sabuwar kwalba mai sunansa. A tsakiyar shafin ga tsohon hoto: wani siririn mutum ya shige cikin ganga har ƙugu, da ƙarfen kankara a hannu. A ƙasa an rubuta sunan Kubodera.

"Wannan kakana ne, Gihei," in ji Mieko. "Maigida bai taɓa shiga ganga ba."

Ta ce a lokacin yaƙin maigidan ya ɓoye ganguna goma sha biyu na giyarsa mai kyau don kada a lalata ta. Da 'yan sandan soja suka gano, sai ya ce Gihei ne ya ɓoye. Aka tafi da Gihei, bayan wata biyu aka kawo tokar gawarsa a ɗan akwati. Tokuji yana da shekara takwas. Gidan ya riƙe shi, ya ba shi aiki, shi kuma ya kama bakinsa shekara saba'in. Amma da ya ga an ɗauki fuskar ubansa an manna mata sunan wanda ya bashe shi, ya ce ranar Asabar zai miƙe a gaban baƙi ya faɗi komai.

Washegari da safe Yazaki ya sami Naoki a ofis, jikan Kubodera, manajan gidan, wanda ya rubuta takardar. Mutum ne mai yawan gyara tabarau. Ya rantse hoton na kakansa ne, ya ce shi da Baba Tokuji ba su taɓa sa-in-sa ba, ai tsohon ne ya yi masa goyo.

Yazaki ya ce masu tsinkar inabi uku sun ji su suna faɗa ranar Litinin.

Naoki ya cire tabarau. Ya amsa cewa sun yi cacar baki, ya ce wa tsohon takardar ta riga ta fita, ba a dawo da ita. Amma jiya tun ƙarfe shida ya tafi garin Kofu karɓo takardun da ake manna wa kwalabe, bai dawo ba sai ƙarfe biyu.

Yazaki ya ce, "Makunnin fankar yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nawa, da na Baba Tokuji."

"Nasa yana aljihunsa. Naka fa?"

Naoki ya ce yana jikinsa kullum. Da aka ce ya fito da shi, ya laluba aljihu ɗaya, ya laluba ɗayan, gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin safiya. Daga baya ya ce ƙila ya manta shi a babban gidan, wajen mahaifiyarsa, a ƙusar da ke bayan ƙofar kicin.

Ono ya buga waya maɗaba'ar da ta buga takardun kwalaben. Suka ce Naoki ya zo ƙarfe takwas da rabi. Daga gidan zuwa Kofu tafiyar minti talatin ce. Ono ya ce a sa masa ankwa kawai. Yazaki ya ce tukuna, akwai wadda bai gaisar ba.

Uwargida Sumie, mahaifiyar Naoki, 'yar Kubodera ta cikinsa, ita kaɗai take zaune a babban gidan. Shekararta saba'in da biyar, bayanta a miƙe kamar sanda. Ta tarbe su a bakin ƙofa ta rusuna. Yazaki ya tuɓe takalmansa da gangan ya watsar, ɗaya ya kife. Tana cikin yi masa ban gajiya, ba ta ko dubi ƙasa ba, hannunta ya sauka ya ɗauke su ya juya kansu waje, ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Yazaki ya tuna da takalman da ke ƙofar kogon.

Ta zaunar da su a ɗakin da hoton mahaifinta yake rataye, ta zuba shayi. Ta ce jiya ba ta leƙa waje ba, ƙafarta ke ciwo. Ta ce Tokuji ɗan gida ne, tare suka tashi, amma kwanan nan hankalinsa ya fara gushewa, ba mamaki ya yi wa kansa abin da ya yi.

Yazaki ya ajiye kofinsa. Ya faɗa mata a hankali cewa mutumin da ya yi wa kansa ba ya dukan ƙyaure har hannunsa ya kumbura. An kashe fanka da mabuɗin Naoki, an sa sakata daga waje, bayan an tabbatar komai ya lafa aka dawo aka zare. Kuma Naoki yana da awa biyu da ba wanda ya san inda yake.

"Yau zan tafi da ɗanki, Uwargida. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini. Na ga takalman Naoki a ƙofar ofis, shi ma watsar da su yake yi. Wanda ya rufe ƙofar nan ya ga takalmi a warwatse, hannunsa bai iya barinsu haka ba."

Ta daɗe tana kallon hannunta na dama kamar na wani ne.

"Naoki yana wurin matar da yake zuwa gani, shi ya sa ba zai faɗa ba," ta ce. "Ku ƙyale shi. Wawa ne, amma ba abin da ya sani. Ni na ba shi hoton."

Ta ce ta san gaskiya tun tana yarinya, daga bakin uwarta. Ta je ta roƙi Tokuji ranar Talata, ta durƙusa masa har goshinta ya taɓa ƙasa, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ya ce mata ba gida yake so ba, ba gona ba, sunan ubansa kawai yake so a ƙarƙashin hoton. Ita kuwa ta ga in aka gyara suna ɗaya, sai a tambayi sauran. Mutum ɗari uku za su sha giya mai sunan mahaifinta suna sane da abin da ya yi.

"Na ce zan rufe shi na ɗan lokaci ne, ya tsorata. Haka na gaya wa kaina." Muryarta ba ta rawa. "Shekara hamsin yana ce mini Uwargida. Da ya gane ni ce a waje, ya daina duka. Sai ya ce, Sumi. Sumi, buɗe mana. Kamar lokacin da muke wasan ɓuya a cikin gangunan. Na tsaya ina ji har ya daina."

"Me ya hana ki buɗewa?"

"In na buɗe, da wane ido zan kalle shi?"

Yazaki ya hana Ono fito da ankwa. Ta tashi ta ɗauko mayafin kafaɗa, ta kashe wutar tukunyar shayi, ta bi su. Ma'aikata sun tsaya cirko-cirko a tsakanin layukan inabi da almakashi a hannu. Mieko tana bakin hanya. Uwargida Sumie ta tsaya a gabanta ta rusuna sosai, ta daɗe a haka. Mieko ta tsaya ƙyam, ba ta mayar mata da gaisuwar ba.

Motar ta gangara kwarin. Sun wuce gada sai tsohuwar ta matso gaba kaɗan.

"Sufeto, don Allah a kunna rediyo."

Ono ya kunna.

"A ƙara," ta ce. "Har yanzu ina jin sa."