Fasinjojin Motar Marigayi

Maigidana mai gyaran wayarin mota ne, amma kada ka kuskura ka ce masa bakanike. Injiniya yake so a kira shi. A wurinsa duk masu gyara na layinsu 'yan koyo ne, masu motoci kuwa jakuna ne da aka danƙa wa makulli. Ni kaina in na ce fankar ɗaki tana ƙara, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke me kika sani ban da gindin tukunya?"

Ran nan rana ta kusa faɗuwa wata malamar asibiti ta zo shagonsa. Mahaifinta ya rasu, an sayar da gidan, sabon mai shi zai rushe garejin da safe. A ciki akwai tsohuwar motar marigayin. Ta sa an ɗaura sabon batir, an zuba mai, amma in an murɗa makulli sai ta ce ƙas, ta yi shiru.

"Baba bai taɓa yarda a gyara ta ba," in ji ta. "Cewa yake a ƙyale ta inda take."

"Rowa ce kawai, Malama," ya ce. "Tsofaffin nan na san su."

Ya jefa salanoid na hannu a jaka, ɗan gwangwanin nan da ke manne a jikin kikstata mai tayar da inji yana ba ta wuta, ya bi ta.

Garejin yana can bayan gida. Matar ta toge a bakin get, ta ce za ta amsa waya. Ya yi tsaki ya wuce shi kaɗai.

Ciki duhu-duhu ne. Warin tsohon baƙin mai, warin kashin ɓera. Sai wani wari kuma, mai ɗumi, irin na ɗakin da mutane da yawa suka kwana ba a buɗe taga ba. Ƙura ta rufe jikin motar, amma kujerunta tsaf suke, kowace da ɗan lotsawa a tsakiya. Ya gani. Bai ga abin da ya dame shi ba.

"Kai, wannan akwalar ai ko 'yan gwangwan sai an roƙe su," ya ce, ya shuri tayar.

Ya kunna fitilu, suka kawo tar. Batir lafiya ke nan. Ya kankare kan batirin, ya bi manyan wayoyi da hannu, babu wadda ta saki. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya cusa tocila a baki, ya kwanta rigingine ya shige ƙasa. Ga kikstata can a maƙale, duk tsatsa.

Ya zare tocilar daga baki, ya ƙwala kira. "Malama! Zo ki murɗa min makulli, in kin iya!"

Ƙofar direba ta buɗe. Ta rufe. Makulli ya juya.

Ƙas.

"Sake!"

Ƙas.

Ya ƙwanƙwasa gwangwanin da sifana, aka sake murɗawa, shiru. Sai ya ɗauko sukudireba ya haɗa manyan notunan nan biyu na bayan salanoid. Tartsatsi ya tashi, kikstata ta juya fuuu. Ya yi dariya. Kikstatar ƙalau take, salanoid ne ya ƙone, kamar yadda ya zata tun a shago.

Ya fito don ya cire wayar batir kafin ya kwance. Ya cire ta, ya ajiye gefe. Da ya ɗago, ta ƙofar gareji ya hango matar can bakin get, waya a kunne, ta ba shi baya.

Ya leƙa motar. Babu kowa.

Mai hankali da nan zai tattara kayansa. Shi kuwa cewa ya yi matar ce ta yi saurin komawa, don tsoro irin na mata. Ya koma ƙasa.

Ya kwance notuna, ya zare tsohon. Baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya zura sabon, ya fara ɗaurewa. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya koma ja, ya fara mutuwa.

Ƙofar baya ta buɗe.

Ya juya kai ya duba ta ƙarƙashi. Babu ƙafa ko ɗaya a ƙasa. Amma motar ta nisa, ta sauko kaɗan.

Wata ƙofar ta buɗe. Motar ta ƙara saukowa.

Jak ya yi ƙara.

Shiga ake yi. Ana ta shiga, fiye da abin da kujeru za su ɗauka. Ƙarfen ƙasan inji ya taɓa masa riga, sannan ya zauna masa a ƙirji, da sanyi.

Ta cikin ƙarfen ya ji raɗa.

"Wannan ne gwanin?"

"Shi ne. Dubi yadda ya baje kamar ƙadangare."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, ta tsofaffi da ta yara a haɗe.

"Tsohon nan ya ɗaure mu shekara da shekaru. Ashe wawa ɗaya muke jira."

Ya buɗe baki zai yi addu'a, tocilar ta faɗo, ta mutu. Ya ce min ko bisimilla ɓace masa ta yi.

Daga saman inji ya ji ƙarfe yana taɓa ƙarfe. A hankali. Wani yana mayar da wayar batir.

Saura ƙaramar waya ɗaya bai jona ba, wadda ke zuwa daga makulli. Tana hannunsa. Ya fara jan jiki da baya.

Wani abu ya riƙe masa idon sawu. Yatsu ne, dogaye, busassu.

"Ɗan gyara," aka ce dab da kunnensa. "Ƙarasa aikinka."

"Ku... ku bari in fita tukuna."

"Ji shi. Har da sharaɗi."

Motar ta ƙara danna shi. Numfashi ya ƙi shiga. Haƙarƙarinsa ya ce ƙas.

Ya lalubo wurin a duhu. Ya jona.

Makulli ya juya.

Injin ya tashi da ruri a kan fuskarsa. Yatsun suka sake shi. Ya mirgina, rigarsa ta yage ta tsaya a can, jak ya fice, motar ta daki ƙasa daidai inda kansa yake.

Da rarrafe ya fita. Bai waiwaya ba. Ya wuce matar a guje, babu riga, babu takalmi ɗaya, tana kiran Injiniya, Injiniya, ko juyowa bai yi ba.

Ita ce ta zo duba shi washegari, ta ɗaure masa haƙarƙari. Ta ce da ta ji tashin inji ta leƙa garejin, hayaƙi kawai ta tarar da jakarsa. Get ɗin gidan ɗaya ne, kuma a bakinsa take tsaye. Babu abin da ya wuce ta gabanta sai shi.

Duk wannan a cikin zazzaɓi ya faɗa min, yana riƙe da zanena yana kuka, yana roƙon kada in kashe fitila. Tun daga nan bai ƙara shiga ƙarƙashin mota ba. Ya koma gyaran janareta, a tsaye. Ko bargo ba ya yarda a ɗora masa a ƙirji.

Amma je ka shagonsa da hantsi ka ji. Yana nan a kan benci, ya tara jama'a, yana ba su labarin yadda ya daka wa aljanu tsawa suka kwashi motarsu suka gudu. In na kawo masa abinci na tarar ana yi, ajiyewa nake in juya. Wandon da ya dawo da shi ranar, ni na wanke.