Jirgi Ɗaya a Matameye

"Tsaya! Tsaya, ko in fasa kan mutum!"

Motar Alhaji Jalaluddeen ta ci birki — ƙiiii! — gaban gungumen giginyar da aka gitta a hanya. Haruna Dogo ya faɗo daga cikin gero, fuska naɗe da rawani, bindiga ƙirar maƙera a hannu. Inusa Tumbi na bayansa da adda, yana haki tun ba a fara komai ba.

"Kowa ƙasa! Ciki a ƙasa!"

"Innalillahi!" in ji Alhaji. "Samari, ko la'asar fa ba a yi ba!"

"Mu ma sauri muke, Alhaji. Miƙo jakar!"

Na ukunsu yana can ƙasa bakin tafki, cikin ciyawa, riƙe da igiyar jirgi. Shekara kafinta ke nan. Shi ma ya naɗe fuska. Amma ko a cikin wannan hali, bawan Allah, hannunsa ɗaya na shafa gefen jirgin, yana duba ko fenti ya kwarzane.

To, yaya aka yi mai ƙera benci da ƙyaure ya tsinci kansa a harkar fashi? Jirgin nan ne ya kawo shi.

Ci-rani ya kai Shekara Yawuri wata shekara, ya ga masu haɗa jiragen kamun kifi a bakin kogi, abin ya shiga ransa ya ƙi fita. Da ya dawo Matameye sai ya sayo fallayen katakon filawud, ya shimfiɗa su a tsakar gida, ya zana da gawayi, ya bi da zarto. Ya jiƙa gefunan da ruwan zafi, ya lanƙwasa su da igiya a jikin dalbejiya har suka yarda. Ya kafa masa haƙarƙari na katako, ya bi da gam da ƙusa. Duk inda katako ya haɗu da katako ya cusa tsumma, ya liƙe da kwalta, kwaltar kuma a tukunyar tuwon matarsa Najaha ya narka ta.

"Baban Ummu," in ji Najaha, tana juya tukunyar da ta zama baƙa ƙirin, "wai wannan akwatin, gawar wa za a sa a ciki?"

"Ki yi dariyarki. Tarwaɗa da karfasa sun cika tafkin Kwarin Giginya, ba mai taɓa su sai masu ƙugiya daga gefe. Ranar da jirgin nan ya hau ruwa, ni da ci-rani har abada. Ba na sake barinki da rani. Kuma ke ce za ki fara shigarsa."

"Ni? In shiga akwati da raina?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma daga ranar ba ta sake tambayar tukunyarta ba.

Mutanen gari kuwa sun samu abin yi. In ya wuce ta tasha, 'yan kabu-kabu su ce, "Shekara, yaushe ne ɗufanar? A ajiye mana wuri!" Mata na aron wuta a gidansa alhali tasu na ci, don kawai su leƙa. Shi kuma ya ƙi kula kowa. Ya shafe jirgin da koren fenti, ya rubuta NAJAHA da ja a goshinsa, manya-manyan baƙaƙe, ya zana kifi a gefe wanda kowa ya rantse dankali ne.

Mutum ɗaya ne ya shigo gidan bai yi dariya ba. Haruna Dogo, wanda suka taɓa kwana ɗaki ɗaya a ci-rani. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa shi, ya jinjina kai.

"Wannan aiki ne, maza. Mutum nawa yake ɗauka?"

Kai, yabo! Shekara ya san don mutum ɗaya da ragarsa ya ƙera shi, sai ko siririyar mace kamar Najaha. Amma wata da watanni ba wanda ya ce masa sannu. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Uku! Ko girgiza ba zai yi ba."

Nan Haruna ya zauna ya rage murya. Wani alhajin Damagaram na zuwa sayen dabbobi Tsauni duk ranar kasuwa, da jaka. Damina ta cika tafki. In an tare shi a bakin kwari aka yanke ruwa, akwai babur a ɓoye a wancan ƙetare, kafin jandarmomi su zagayo da mota an daɗe da fecewa.

"Kai dai tuƙi ne naka. Ba ka taɓa kowa. Ka dawo da sabuwar raga, gari ya san wane ne Shekara."

Shekara ya san abin ba kyau, wallahi ya sani. Amma "gari ya san wane ne Shekara" ta fi ƙarfinsa. Ranar ya ɗora jirgin a amalanke, ya ce wa Najaha gwaji kawai za shi.

"To jira in ɗauko mayafina."

"Gobe. Yau in ga ko yana yoyo."

Ya lulluɓe shi da tabarma, wai don kada a gane. Jirgi ɗaya tak a duk Matameye, hancinsa a waje, ya ratsa ta tsakiyar gari yara na binsa da tafi!

A bakin hanya kuwa abu ya ɓaci. Direban Alhaji, wani saurayi Zakari, ya kai wa jakar cafka. Inusa ya firgita, ya kai sara — caɓ! Zakari ya kurma ihu, ya dunƙule hannu, jini na bin rigarsa.

"Uban wa ya ce ka sare shi?"

"Shi ya motsa, oga!"

"Mu ware!"

"Dakata — batir!"

Inusa ya buɗe gaban motar ya ɓalle batir, wai don kada a bi su. Ya rungumo shi kamar jariri, suka gangaro a guje.

Shekara ya ji ihun, ya ga jini a addar. "Kun ce ba a taɓa kowa!"

"Tuƙa, dalla!"

Haruna ya faɗa ciki. Inusa ya faɗa da batir — jirgin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ruwa ya zo daf da baki. Shekara ya rufe ido ya tura, ya haye. Ya buɗe ido. Suna kan ruwa! Ba ɗigo ko ɗaya a ciki!

"Ya hau!" Shekara ya manta da inda yake. "Wallahi ya hau! Ku duba, ko yoyo babu!"

"Rufe mana baki!"

A bakin gaɓa Alhaji ya ɗaure wa Zakari hannu da rawaninsa, ya gyara tabarau, ya ƙura wa jirgin ido. Sannan ya zaro wayar salular da suka manta ba su karɓe ba.

Ajidan Alasan, shugaban jandarmomin wurin, yana shan shayi aka kira shi.

"Sun tsere ta ina, Alhaji?"

"Ta ruwa. A jirgi. Kore ne, an rubuta Najaha a gaba, da wani abu kamar dankali."

Ajidan ya ajiye kofi a kan bencin da Shekara ya ƙera masa bara. Ya daɗe yana kallon bencin.

"Sun rufe fuska?"

"Ruf!"

"Sun kyauta. Ku tashi, yara, a zagaya ta gabas!"

Kafin motar ta fita gari labari ya riga ta. Masu shago suka rufe, 'yan kabu-kabu suka ɗebi mutane kyauta. Rabinsu ba ɓarayi za su gani ba, so suke su ga ko akwatin Shekara ya hau ruwa.

A tsakiyar tafki iska ta taso. Ruwa ya fara leƙowa ta baki, kaɗan-kaɗan.

"Ya yi nauyi," in ji Shekara. "A jefar da batir ɗin nan."

"Sabo ne fa!" in ji Inusa, ya ƙara ƙanƙame shi.

Haruna ya dubi Inusa, ya dubi Shekara. Ya juyo da bakin bindiga.

"Kai za ka sauka."

"Ni? Jirgina ne!"

"Babur ɗin dama mutum biyu yake ɗauka, kafinta. Ka zaci da kai za mu?"

"Haruna, tabarma ɗaya muka kwana..."

Ƙafar Haruna kawai Shekara ya gani — tunjum!

Duk zaman Yawuri Shekara bai koyi iyo ba. Ya sha ruwa, ya yi kalmar shahada, ya yi kururuwa, sai ya ji ƙafarsa ta taɓa laka. Ya miƙe. Ruwa iya ƙirji.

Haruna ya ɗauki filafili ya shiga tuƙi da ƙarfin tsiya, ta gefe ɗaya. Jirgi ya juya. Ya ƙara ƙarfi, ya ƙara juyawa. Suka yi ta zagaye a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mutane sun fara cika gaɓa, har wani na ihu, "Ɗaya gefen! Tuƙa ɗaya gefen!"

"Ba ni nan, oga, ba ka iya ba!"

"Zauna, Tumbi!"

Inusa ya miƙe tsaye. Jirgi ya karkata. Haruna ya kai hannu zai dafa, ya danna kunamar bindiga — daram!

Harbin ya fasa gindin jirgin. Ruwa ya yi tsalle ya shigo.

Haruna bai tsaya ba. Ya rataya jakar a wuya, ya yi tsalle ta gabas, don ya ga ruwan bai wuce ƙirjin Shekara ba. Bai san nan ne ramin da masu tubali ke haƙar laka da rani ba. Ya ɓullo sau ɗaya, hannunsa na kama iska. Bai sake ɓullowa ba.

Ciyawa na nan kusa da Shekara, dogaye, ga gonakin rake a bayansu. Motar jandarmomi ba ta iso ba tukuna. Ya dubi ciyawar. Ya dubi jirgin, wanda jan sunan Najaha ke shirin nutsewa.

"Jirgina!"

Ya keta ruwa ya kama shi. Ya warware rawanin fuskarsa a gaban duk jama'ar Matameye, ya cusa a ramin harsashin, ya sa kafaɗa ya tallafe.

"Kwashe ruwan, Tumbi! Da hularka! Ajiye batir ɗin nan, don ubanka!"

A haka ya turo shi har gaɓa, inda Ajidan ke tsaye da ankwa. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho ma cewa ya yi a hankali, "Ashe dai yana hawa."

Washegari aka ciro gawar Haruna da jakar a wuyansa. Zakari ya rasa yatsu, bai sake riƙe sitiyari ba. Alƙali ya ba Inusa da Shekara shekarun da sai 'yar Shekara, Ummu Salma, da ke rarrafe yanzu, ta shiga makaranta ta yi nisa. Jirgin kuwa yana harabar jandarmomi a matsayin shaida, kaji na ƙwai a ciki.

Ranar da aka fara barin ziyara a gidan kaso, Najaha ta zo da kwanon tuwo da ƙulli a hammata. Shekara ya kasa ɗaga ido.

"Na gan shi," in ji ta. "Ina bakin gaɓa. Ya hau ruwa, Baban Ummu."

Ya ɗago, wani ɗan murmushi ya suɓuce masa, ya yi sauri ya haɗiye shi.

"Ka ce ni ce ta farko," ta ce. "Sai ka ɗauki Haruna."

"Najaha..."

"Ka ce ba ka sake barina da rani. Ga shi ka haɗa har da damina."

Ta juya ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta kwance ƙullin. Ɗan matashi ne, kore, an yi masa ɗinkin kifi da jan zare, kifi sosai wanda ba mai ce masa dankali.

"Tun kana shafa kwalta na ɗinka shi, don in zauna a kai ranar. Karɓi. An ce simintin nan da sanyi."

Ta ɗauki kwanonta ta fita. Shekara bai zauna a kai ba. Ya rungume shi a ƙirji, ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro.