Kwangilar Benci da Auren Auta

Auta tana guga a falo Baba ya shigo, ya zauna ko takalmi bai cire ba. Ranar aka ba shi shugabancin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, kowa a gidan bakinsa har kunne, amma ban da shi.

"Auta, ajiye dutsen gugar nan," ya ce. "Kin san mai yi wa makarantun garin nan benci?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wa zai yi in ba Kafinta ba, saurayin da take so tun bai mallaki zarton kansa ba, wanda maganarsu ta riga ta kai gaban manya?

"To, daga yau ni ke sa hannu a kwangilar. Doka kuwa ta hana ni ba wa ɗana, ko ƙanena, ko surukina. Ranar da ya aure ki, ranar aikinsa da hukuma ya ƙare."

"Baba!" Sai ƙaurin rigar da ta ƙone ne ya dawo da ita hayyacinta.

Washegari sai ga Inna, mahaifiyar Kafinta, ko tabarmar da Mama ta shimfiɗa mata ba ta kalla ba.

"Malam, marayu nake riƙo, shagon nan shi ne cinmu, shi ne karatun ƙannensa. A rubuta kwangilar da sunan wani mana! Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Baba. "Ko sunan wa aka rubuta, hannun surukina ne zai riƙe guduma."

"Oho! Mu muna murna mun samu tsani, ashe rijiya ce! To ku riƙe 'yarku, na riƙe ɗana."

Da yamma Auta ta sami Kafinta a shago, gashinsa duk garin katako, yana goge allo ɗaya da ya daɗe da yin santsi.

"Ka daina ɗaga wayata, ko bulokin ɗina ka yi?"

"Me zan ce miki, Auta? In na bar kwangila, ƙannena sun bar makaranta. In na saɓa wa Inna, wace albarka za mu ci? In kuma na bar ki..." Ya ci gaba da goge allon.

"Ni zan jira."

"Har yaushe? Baba yanzu ya hau kujerar!"

"Har ya sauka," ta ce, hawaye na ɗiga a kan allon.

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Zance ma dole suka daina, don kada a ce Baba na fifita mai neman 'yarsa. Ƙawayenta suka yi aure, suka haihu, suka yaye. Manema suka zo, ta sallame su. Gwaggonta kullum sai ta yi mata gori: "Ke za ki tsufa a ɗakin uwarki saboda benci!" In ta ga ɗalibai sun ɗauko sabon benci, sai ta canza hanya.

Baba kansa ya rame. Wata rana ya ce zai ajiye aikin.

"A'a, Baba. Ga Mama ba lafiya, maganinta fa? In ka sauka saboda ni, da wane ido zan dube ka?"

Ciwon Mama kuwa ya ci gaba da cin ta. A gadon asibiti ta riƙe hannun Auta ta ce, "Na so in ga ɗakinki." Allah bai nufa ba, a gadon ta rasu. Wannan kukan ya fi duk na baya ɗaci.

Sai da Baba ya yi ritaya, ƙannen Kafinta suka kama sana'a, sannan Inna ta tako gidan da kanta. Ta tsufa, muryarta ta yi sanyi.

"'Yata, ki yafe mini. Tsoron yunwa ne ya rufe mini ido."

Aka ɗaura aure ba wani taro, furfura ta fara leƙowa a gemun ango. Da Auta ta shiga ɗakinta sai ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san na murna ba ne ko na kewar Mama.

Haka gaskiya take, jama'a: tana da tsada, kuma sau da yawa wanda bai ci ba shi ke biya. Amma mai haƙuri ba ya tashi a tutar babu, ko da rabonsa ya zo a makare.