Giram Biyar a Cikin Lifta

Awarwaron ya shiga shagon da giram hamsin, ya fito da arba'in da biyar. Mai shi ta ɗora shi a kan sikeli a gaban kowa, ta juya cikinsa, sai ga tabon zarto. Kafin la'asar, tsohon maƙerin da ya gyara shi yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Tsohon ya amsa laifi tun ba a tambaye shi ba, kuma abin da ya dami Sufeton da aka ba binciken ke nan. Ga kankarar da aka yi wa awarwaron ta yi muni, kamar ɓera ya gaigaya. Hannun da ya tsufa a kan zinare ba zai yi wannan ƙazamin aiki ba, ko da sata yake yi.

A ƙa'idar shagon, duk wanda zai miƙa kaya ko ya karɓa sai ya auna, ya ɗauki sikelin a bidiyo. Tsohon kaɗai ba ya yi, ya ce tafin hannunsa ya ishe shi. Auta, ɗansa, shi ke karɓar kaya a ƙasa ya hau da su hawa na tara. Uban ya gyara, wata mata ta goge.

Sufeto ya fara da mai gogewa. Bidiyonta ya nuna arba'in da biyar, tun kafin ta taɓa komai.

"Kin ga ya ragu, kika yi shiru?"

"Ni zan ce wa Baba kayansa sun ragu? Shi ya koya mini aiki, ranka ya daɗe."

Auta kuwa har da murmushi ya miƙa wayarsa. Bidiyon ɗan guntu ne: sikeli ajiye a ƙasa, hamsin cif.

"A ina ka ɗauka?"

"A ƙofar Baba. Lafiya lau na ba shi."

Sufeto ya shiga lifta zai koma sama, ransa a jagule, sikeli da awarwaron a hannu. Da ta ɗaga, sai ya ji gwiwoyinsa sun yi nauyi. Ya san abin, kowa ya san shi, ba wanda ke kula. Ya sauko, ya ajiye sikelin a ƙasan lifta, ya danna tara. Arba'in da biyar ta haura hamsin, ta ɗan tsaya, ta dawo. Da za a tsaya, ta faɗi arba'in.

Ya kira Auta ciki, ya maimaita a gabansa.

"Idan lifta ta yunƙura, ƙasanta na tura sikeli sama, sai kaya su ƙara nauyi na ɗan lokaci. Zinaren bai ƙaru ba. Ka kankare, ka auna a daidai yunƙurin, shi ya sa bidiyonka ba tsawo. Dubi ƙasan da ke cikin bidiyon. Ƙofar babanka siminti ce, wannan ƙarfe ne."

Auta ya jingina da bango.

Sufeto ya buɗe wa tsohon da kansa. Bai ji daɗin komai ba, aikin ma ya fita daga ransa.

"Baba, fito. Ba kai ba ne."

Tsohon bai motsa ba.

"Tun da ya ɗora mini shi a tafi na san ya ragu. Ba za a bar maganar yadda na faɗa ba? Ni na gama rayuwata, ɗana."

"Ba zai yiwu ba, Baba."

Aka wuce da Auta ta gabansa, kansa a ƙasa. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya nemi takalmansa, ya kasa saka ƙafa.

"To, ka wanke ni," ya ce. "Shi kaɗai ya rage mana. Yanzu in je gida in ce wa uwarsa me?"