Kunyar Wa Kika Ji?

"Wane ne wannan kuma a ƙofar gidan mutane?"

Gwaggo Hasana ce ta jefo tambayar tun kafin ta gama saukowa daga adaidaita sahu. Daga wata walima a Hotoro suke, ita da ƙawayenta biyu, sun sha leshi da gwala-gwalai, ƙamshin turarensu ya riga su isowa. Huraira na tsaye a bakin get ɗin gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi, Habibullah na gefenta riƙe da ledar dusar katako da ya kawo wa tsuntsayenta.

Ya matsa zai ba su hanya. Shi kuwa Habibullah in yana tsaye ba abin da za ka gani sai dogon saurayi mai kwarjini, sai fa ya ɗaga ƙafa. Shan inna ya taɓa masa ta hagu tun yana ɗan shekara uku, in zai yi taku sai ya jefa ta gefe, kafaɗarsa ta bi ta. Matan nan uku suka zuba wa ƙafar ido lokaci guda.

"Ina wuni, Hajiya," ya faɗa a ladabce.

"Lafiya. Ke nake tambaya, Huraira."

Wata takwas Huraira da Habibullah suna tare. Wata takwas tana ce masa gobe za ta faɗa a gida, jibi za ta faɗa. To ga ranar faɗa ta zo da kanta har ƙofar gida.

"Mai... mai tsuntsu ne, Gwaggo. Dusa ya kawo."

"Allah sarki!" in ji ɗaya daga cikin ƙawayen. "Gara da ya kama sana'a, bai zauna bakin titi yana miƙa hannu ba."

Suka shige suna hirarsu.

Habibullah ya ajiye ledar a ƙasa a hankali. Bai ɓata rai ba, wallahi da ya ɓata da ta fi samun sauƙi.

"Ga dusar, Hajiya," ya ce da Huraira, da irin muryar da yake yi wa masu sayen tsuntsu. "A riƙa canzawa duk kwana uku."

"Habibina, tsaya..."

Bai tsaya ba. Tana kallonsa yana jefa ƙafa har ya sha kwanar layin, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Tsuntsaye ne dai suka haɗa su. Irin ƙananan nan masu kama da tsirya, kore da shuɗi, waɗanda masu kiwo ke ce wa baji. Ta je Tarauni sayen biyu, mace da namiji, sai ta tarar da mai su yana ba wani ɗan tsako abinci da bakin cokali yana masa magana ƙasa-ƙasa. Ta dawo gida da tsuntsaye biyu da lambar waya, ta baro zuciyarta a can. Daga tambayar yadda ake jiƙa gero aka koma tambayar yaya aka kwana.

Matsalar ɗaya ce, Gwaggo. Ita ta riƙe Huraira tun rasuwar mahaifiyarta, ta baro ɗakinta ta dawo gidan yayanta, mahaifin Huraira, saboda ita. Burinta kuwa duk unguwa an sani: surukin da za ta shiga taro da sunansa ta ɗaga kai. Huraira ta san wannan, ta kuma san cewa ba tsoron Gwaggo kaɗai ne ya ɗaure mata harshe ranar ba. Wannan ɗin ne ke cin ta.

Ledar dusar nan ko taɓa ta ba ta iya yi ba, da ƙafa ta tura ta bayan duron ruwa. A makon ne ƙwan da macen tsuntsun ke kwanci suka fashe, 'ya'ya uku, jajaye, tsirara. Da akwatin sheƙar ya yi datti sai ta kwashe tsohuwar dusar, ta yanko guntun ledar tsakar ɗaki mai sulɓi ta shimfiɗa musu, wai ta fi sauƙin gogewa.

Habibullah kuma bai kira ba. Ita ma ta rubuta saƙo ya fi ashirin, tana gogewa.

Baba ne ya fara lura. Malam Zakariyya tun da ya bar aikin gwamnati ba shi da abin kallo irin kejin nan, nan yake ajiye kujerarsa da hantsi.

"Huraira, zo ki ga autan nan. Me ya samu ƙafafunsa?"

Ta leƙa. 'Yan uwansa biyu sun tattara ƙafafu a ƙarƙashinsu, shi kuwa nasa sun baje, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya kwanta a kan ƙirjinsa yana ta ƙoƙarin tashi, ledar na zame masa.

"Nakasasshe ne," Gwaggo ta faɗa daga ƙofar kicin. "Irin wannan ba ya rayuwa. Ki fitar da shi kawai ki huta."

Kalmar ta daki Huraira a ƙirji. Ta nemo ƙaramin kwali ta shimfiɗa tsumma mai laushi, ta ɗora ɗan tsuntsun, ta zura hijabi.

Tafiyar Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba wata tafiya ba ce, amma ranar sau biyu tana buɗe baki za ta ce wa mai adaidaita ya juya.

Ta same shi a ƙarƙashin rumfar kejinansa yana daka ɓawon ƙwai. Kukan tsuntsaye ya cika wurin. Ta yi sallama, ya amsa bai ɗago ba.

"Ɗan tsuntsu ne ba lafiya..."

Wannan kam ta sa ya ɗago. Ya karɓi kwalin, ya ɗauki ɗan a tafin hannunsa ya juya shi.

"Kwanansa nawa?"

"Tara."

"Me kika shimfiɗa musu?"

Ta sunkuyar da kai. "Leda."

"Leda? Ina dusar da na kawo?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya gane, ya kawar da kai.

"Ƙafarsa ba ta samun abin kamawa ne, kullum zamewa take, shi ya sa ta baje. Uwar kuma tana danne shi. An ci sa'a ƙashin bai yi ƙwari ba."

Ya yanko guntun soso mai laushi kamar kan ɗan yatsa, ya huda ramuka biyu kusa da juna. A hankali ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar, sai ga su sun dawo ƙarƙashin cikin tsuntsun. Ɗan ya yi 'yar ƙara, Habibullah ya hura masa iska a ka.

"Yi haƙuri, malam, na ɗan lokaci ne. Ke kuma duk kwana biyu ki cire ki duba, kar ya matse shi. Ki cire ledar nan yau. Ki ƙara wa uwar dafaffen ƙwai da wannan garin ɓawon. Sati biyu."

"Zai warke?"

"In sha Allahu."

Ya miƙa mata kwalin. Ta ƙi karɓa, hawaye suka ɓalle mata.

"Habibina, don Allah ka yafe mini! Wallahi tun ranar ban ƙara jin daɗin komai ba. Kunya ce ta kama ni..."

"Kunya."

"Ka san dai yadda ake. Yarinya ba ta nuna saurayi a gaban manya..."

"Na sani. Da kin rufe fuska kin ruga cikin gida, da dariya zan yi, in je in ba Ummata labari. Wannan kunyar ado ce ga mace." Ya dube ta ido cikin ido. "Amma ki faɗa mini gaskiya, Huraira, ko da ita ce maganarmu ta ƙarshe. Kunyar wa kika ji? Kunyar Gwaggo, ko kunyar a gan ki da ni?"

Ta buɗe baki. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, ta kuma san in ta yi zai karɓa don yana son ta. Sai ta kasa. Ta tsaya tana kuka kawai, shi kuwa ya riga ya samu amsarsa.

"Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba," ya ce. "Ƙafar wannan za ta miƙe. Tawa ba za ta miƙe ba, babu soson da zai gyara ta. Haka zan shiga ɗaurin aure, haka zan shiga suna, haka zan raka ki asibiti mutane na kallo. Ni na daɗe da sabawa da idon mutane. Naki ne ban shirya masa ba."

"Habib..."

"Ki tafi, uwarsa na nemansa. Kar ya yi sanyi."

Sati biyun nan Huraira ta yi jinya kamar ta mutum. Ta jawo ledar dusa daga bayan duro da hannunta, ta shimfiɗa. Tana cire soso, tana duba 'yan ƙafafun, tana mayarwa. In 'yan uwan sun ture shi wurin cin abinci sai ta ɗebe su gefe har uwar ta ɗura masa. Duk sanda ta riƙe shi sai ta tuna ita ta jawo masa, don kawai ba ta son ganin abin da ke tuna mata laifinta.

Ranar da ta cire soson gaba ɗaya, ɗan ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya. Ƙafar dama ta ɗan karkace kaɗan, amma ya tsaya.

"Ikon Allah!" in ji Baba. "Wa ya koya miki wannan dabarar?"

Da a da ne sai ta ce wani mai kiwo ne. Ta ja hijabi ta rufe fuska, ta durƙusa a gefen kujerarsa. Ta faɗa masa duka: wata takwas ɗin, da ƙafar, da abin da ta ce a ƙofar gida.

Baba ya juyo ya dube ta.

"Yana ji kika faɗi haka?"

"Yana ji, Baba."

"Ni ban san na tarbiyyantar da wadda za ta wulaƙanta mutum don halittarsa ba."

Da duka ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

"Ki ce ina son ganinsa ranar Asabar bayan la'asar. In ya ga dama ya zo. In bai zo ba kuma, ba zan ga laifinsa ba."

Ta tura masa saƙon Baba, da hoton ɗan tsuntsun a tsaye. Sai da aka wuni amsa ta zo, kalma ɗaya: "To."

Gwaggo kuwa da ta ji, kwana biyu ba ta yi wa Huraira magana ba, sai da tukwane. Duk wanda ta ɗauka sai ta dire shi da ƙarfi.

Ranar Asabar Baba na falo, Gwaggo ta hakimce a kujerar gefe ta ce ita ma sai ta gani da idonta. Huraira na ɗaki, inda ya kamata budurwa ta ɓuya a irin wannan rana, ta manne da labulen taga. Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce. Biyar saura. Ta fara cire rai, sai ta ji sallamarsa.

Ya zo. Farar shadda, hula ta zauna daidai, ya rame.

A ƙofar falo ya tsaya zai cire takalmi, don ba a shiga wurin surukai da shi. Na dama ya fita nan take. Na hagun kuwa dogo ne mai ƙarfe da maɗauri har uku, ba ya ciruwa a tsaye. Ya duba inda zai zauna, babu. Ya dafa bango ya sunkuya, ƙafar ta goce, da ƙyar ya tare kansa. Gumi ya keto masa. Ya sake gwadawa.

Daga cikin falo Gwaggo ta ja tsaki, dogo, wanda kowa ya ji.

Huraira ba ta san sanda ta saki labulen ba. Ta fito tsakar gida, ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta ƙofar kicin, ta kai ta gabansa ta ajiye.

"Zauna, Habibina."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Huraira! A gaban ubanki? Ina kunyarki?"

Huraira ba ta gudu ba.

"Gwaggo, ke kika raine ni, ba ni da uwar da ta wuce ki. Ki yafe mini, na taɓa yi miki ƙarya a kansa. Sunansa Habibullah. Shi nake so... shi nake so in aura, in Baba ya amince."

Gwaggo ta dubi yayanta tana jiran ya tsawatar, shi kuwa Baba ya cire tabarau yana ta goge shi da bakin riga, ba ya ko gamawa.

"Ɗana," ya ce can, "bar takalmin nan, shigo haka."

"A'a Baba, yanzu zan gama."

Habibullah ya zauna a kan kujerar, ya kama maɗaurin farko. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, idanunsa sun yi ja.

"Koma ciki, Hurairata," ya faɗa ƙasa-ƙasa, "kar a ce ni na lalata ki."

Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Ba inda za ni sai ka gama."

Ta kama labulen falon ta ɗaga masa, ta tsaya nan tana jira, yana kwance maɗaurin ɗaya bayan ɗaya.