Saƙon da Muntasir Ya Tura Djougou

Ranar da Muntasir ya fara shiga ajin Turancin da Kamila ke koyar da 'yan kasuwa a unguwar Banikanni da ke garinsu Parakou, sai da allin hannunta ya faɗi. Kayan babur yake sayarwa, Turancin kuma don sarin kaya a Najeriya yake nemansa. Kafin wata ya zagayo ya koma kiranta Malamata, ita kuma tana ce masa Ɗalibina, tana sunkuyar da kai.

Da ta je hutu gida Djougou ta gaya wa mahaifinta, Alhaji Labbo mai goro, zancen Muntasir. Ya ɗaure fuska.

"Ban san gidansu ba, Kamila. Ga Sharfaddeen ɗan aminina yana ta aiko mini. Ba zan tilasta miki ba, amma ki yi tunani."

Ta sanar da Muntasir. Washegari saƙonsa ya shigo:

"Malamata, I wish I could marry you."

Ta karanta. Ta san Bature ba ya faɗin haka sai kan abin da ya fid da rai da shi. Ashe tun ba a je ko'ina ba ya sare? Ta kashe wayar ta yi kukanta. Har ta fara shirin ce wa Alhaji ta amince da Sharfaddeen.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama da ita. Muntasir ne a zaure, duk ya rame.

"Me na yi miki, Malamata?"

"Ba kai ka ce ka haƙura ba?"

"Ni? Wallahi don in burge ki na yi da Turanci. Na duba a waya, aka ce wish da hope duk fata ne."

Dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Ba ɗaya ba ne, Ɗalibina. Yadda ka rubuta wish ɗin nan, burin abin da ba zai yiwu ba ne. Hope kuwa sa rai ne da abin da kake jiran zuwansa."

Ya dafe kai. "To ki ji da Hausa. Ina son ki, kuma baffannina suna waje."

Alhaji ya karɓe su da mutunci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai da ya aika Parakou wajen abokan cinikinsa, kowa ya yaba yaron, sannan ya kira Kamila.

"Har yanzu shi ɗin ne?"

Ta rufe fuska da mayafi.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Da motar amarya za ta kama hanyar Parakou, Alhaji ya leƙo ta taga, ya dubi ango da ke gaban motar.

"Ga amana nan, Muntasir. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."